Ƙarfen da ke miƙewa a ƙarƙashin titi: yadda birnin Niyok ke lallaɓa tsofaffin bututun tururi

Masu kallon finafinan Amurka a cikinmu sun sha ganin wannan hoto: motoci na wucewa a tsakiyar birni, farin hayaƙi na tasowa daga ƙarƙashin kwalta, wani lokaci ta bakin wata doguwar ganga mai ratsin fari da ruwan goro da aka kafa a tsakiyar titi. Da yawa kan ɗauka dabarar masu shirya fim ce. To tururi ne na gaske, kuma a birnin Niyok ake ganinsa kullum. A ƙarƙashin titunan unguwar Manhatan akwai bututun ƙarfe masu ɗauke da tururi mai tsananin zafi, wasunsu sun kusa shekara 100 a binne.

Mun zaɓi wannan batu a wannan mako saboda yana da alaƙa da darasin da kusan kowane ɗalibin kimiyya ya haddace don jarrabawa, wato miƙewar ƙarfe idan ya ji zafi. A aji lissafi ne na maki biyu ko uku. A ƙarƙashin titin Niyok kuwa, rayukan masu tafiya a saman titin sun rataya a kan wannan lissafi.

Me ya kai tururi ƙarƙashin ƙasa?

Sanyin hunturun Niyok ya wuce duk wani sanyi da muka sani, domin ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara. A da, kowane gida da kowane ofis sai ya hura wutar gawayin kwal don ɗumama ɗakuna, abin da ke jawo hayaƙi da toka da yawan gobara. A shekarar 1877, wani injiniya mai suna Birdsill Holly ya gwada wata dabara a garin Lockport da ke jihar Niyok: a dafa ruwa a wuri ɗaya, a tura tururinsa ta bututu zuwa gidajen maƙwabta. Dabarar ta yi aiki. A shekarar 1882 kamfanin New York Steam Company ya fara sayar da tururi a Manhatan, kamar yadda ake sayar da ruwan famfo.

Yau kamfanin Con Edison ne ke riƙe da wannan aiki. Tsawon bututun ya kai mil 105, wato kimanin kilomita 169, kusan tafiyar Kano zuwa Katsina ke nan. Sun taso daga kudancin tsibirin Manhatan har zuwa titi na 96, suna kai tururi ga gine-gine kimanin 1,500. Cikinsu akwai dogon benen nan na Empire State, da tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, da hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Da wannan tururi ake ɗumama ɗakuna, a samar da ruwan zafi, asibitoci su kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata, masu wanki da guga su goge tufafi. Har injinan sanyaya gini ake juyawa da shi a lokacin zafi. Birnin Faris na Faransa ma yana da irin wannan tsari.

Lissafin da ba ya ƙarya

Mun san ruwa na tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salsiyos. Wannan gaskiya ne idan tukunya a buɗe take. Idan aka rufe ta ruf, matsi ya ƙaru a ciki, ruwa ba zai tafasa ba sai zafi ya haura haka. A matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu kamar sau 10, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 180. Zafin tururin da ke isa gine-ginen Niyok yana nan kusa da wannan adadi.

Me ke faruwa da ƙarfe idan ya kai wannan zafi? Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen kullum a cikin karkarwa suke. Zafi na ƙaruwa, karkarwar na ƙaruwa, kowace ƙwaya na ɗan ture 'yar uwarta, sai ƙarfen ya ƙara tsawo. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara da tsakar rana. Shi ke sa wayar lantarki ta ƙara saki a watan Afrilu. Shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan tsohon layin dogo.

Kowace mita ɗaya ta ƙarfen bututu tana ƙara tsawon kimanin mita 0.000012 duk sanda zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, amma mu gwada shi. Mu ɗauki bututu mai tsawon mita 100, an shimfiɗa shi yana digiri 20, aka saki tururi ya kai digiri 180. Ƙarin zafi digiri 160 ke nan.

Ƙarin tsawo = 100 × 160 × 0.000012 = mita 0.192

Wato santimita 19 da 'yan kai, kusan taƙi guda na babban mutum. A kilomita ɗaya, ƙarin ya kusa mita 2. Idan aka tsayar da tururi bututun ya huce, sai ya tsuke ya koma yadda yake.

Wani zai ce, ai sai a danne shi da kankare a hana shi motsi. Nan ne injiniyoyi ke girgiza kai. Mu ɗauki bututu mai faɗin rabin mita, kaurin ƙarfensa santimita ɗaya. Idan aka toshe bakinsa biyu aka hana shi miƙewa, lissafi ya nuna zai tunkuɗi abin da ya tare shi da ƙarfin da ya haura nauyin tan 500, wato nauyin buhun siminti fiye da 10,000. Abin mamaki, wannan ƙarfi bai dogara da tsawon bututun ba. Gajere da dogo duk tunkuɗa ɗaya suke yi. Kafin a kai ga haka ma, wani abu zai ba da kai: ko bututun ya gantsare, ko walda ta tsage, ko kankaren ya farfashe.

Saboda haka injiniya ba ya jayayya da ƙarfe mai zafi. Aikinsa shi ne ya san yawan miƙewar da za a yi, ya zaɓa wa bututun inda zai miƙa, ya tanadar masa wuri.

Turke, zobe da mahaɗi

Abubuwa uku ne ke yin wannan aiki tare.

Na farko shi ne turke. Kamar yadda ake ɗaure dabba a turke ta yi kiwo iya tsawon igiyarta, haka ake kafe bututu a wasu zaɓaɓɓun wurare da ƙarfe da kankare. A daidai turken bututun ba ya motsi ko kaɗan. Wannan yana raba dogon layi zuwa gajerun sassa, kowane sashe da nasa lissafin miƙewa.

Na biyu su ne zobba da matokarai. Tsakanin turke da turke, bututun yana kwance ne a kan matokaran da ke barinsa ya zame gaba da baya, zobba kuma suna hana shi karkata gefe. Ku ɗauki rula ta roba ku matsa bakinta biyu da tafin hannu, za ku ga ta gantsare. Abin da zobban ke hanawa ke nan.

Na uku shi ne abin da ke shanye miƙewar. Hanya mafi sauƙi ita ce a lanƙwasa bututun ya yi siffar harafin U kafin ya ci gaba da tafiya. Idan ƙarfen ya miƙe, ƙafafun lanƙwasar sai su ɗan matso juna. Wannan dabara ba ta da abin da ke gogewa ko yoyo, shi ya sa ake sonta. Duk wanda ya taɓa lura da bututun matatar mai ko na kamfanin sukari zai ga irin wannan lanƙwasa, kamar bututun ya kauce wa wani abin da ba a gani.

Matsalar ita ce lanƙwasa tana cin wuri, ƙarƙashin titin Manhatan kuwa a cunkushe yake da hanyar jirgin ƙasa, da bututun ruwa, da na gas, da magudanai, da wayoyin lantarki da na tarho. Don haka aka fi dogara da mahaɗai na musamman. Akwai mahaɗi mai zamewa, inda bakin bututu ɗaya ke shiga cikin wani kamar eriyar rediyo, an cusa wani abu a tsakaninsu don hana tururi fita. Akwai kuma mahaɗi mai ninki-ninki, wanda aka yi da siririn ƙarfe mai kama da wuyan tsinken shan lemo, yana matsewa yana buɗewa kamar zugazugin maƙeri.

Waɗannan mahaɗai suna da nasu sharaɗi. Matsin tururin da ke ciki kullum ƙoƙari yake ya raba su biyu. A bututu mai faɗin rabin mita, wannan tura ta kai nauyin tan 20, kuma turke ne kaɗai ke riƙe ta. Idan turke ya saki, mahaɗin zai buɗe fiye da ƙima. Kun ga ke nan ukun nan kamar duwatsun murhu suke, ɗaya ya goce tukunya ta kife.

Abin da tsufa ke yi

Ƙarfen da aka binne a 1924 yana miƙewa yau daidai yadda ya miƙe a ranar farko. Abin da shekaru ke ci shi ne kayan da aka tanada don karɓar miƙewar.

Farko akwai gajiyar ƙarfe. Ku sami 'yar waya ku lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ba ta karyewa, sau biyu ma haka, amma kuna ci gaba za ta katse. Duk lokacin da aka kashe layi ya huce aka sake kunna shi, mahaɗi mai ninki-ninki ya yi irin wannan lanƙwasa sau ɗaya. Kowane mahaɗi yana da iyakar adadin da zai iya jurewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake barin irin waɗannan bututu da zafinsu dare da rana, rani da hunturu, ba a kashe sashe sai don gyara ko gudun hatsari.

Sai tsatsa. Bututun suna cikin wata kwarya ta kankare ko ta ƙarfe da ke kāre su daga ƙasa. Nauyin motoci da haƙe-haƙen masu gyaran titi sukan tsaga wannan kwarya a hankali. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren: ruwan sama, da na fasasshen bututun famfo, da ruwan gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Gishiri yana cin ƙarfe, har da mai ƙyalli wanda ake cewa ba ya tsatsa, musamman idan yana da zafi kuma yana ɗauke da nauyi. Turke ya rube, zobe ya cije ya hana bututun zamewa, matokari ya karye bututun ya yi ciki a tsakiya. Abin da aka cusa a mahaɗi mai zamewa shi ma yakan bushe ya fara yoyo.

Mafi yawan tururin da ake gani yana tashi a titi daga nan yake: ruwan waje ne ya taɓa bututu mai zafi ya ƙone, wani lokaci kuma yoyo ne. Doguwar gangar nan mai ratsi ana kafa ta ne don ta ɗaga tururin sama, kada ya ƙona masu tafiya ko ya rufe idon direbobi.

Gudumar ruwa

Ruwan da ya kewaye bututu yana haifar da hatsarin da ya fi tsatsa saurin kisa. Tururi idan ya taɓa ƙarfen da ya ɗan huce, yakan koma ruwa, kamar ɗigon da ke taruwa a murfin tukunya. Ko da komai lafiya, ana samun irin wannan ruwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake shimfiɗa bututun da ɗan gangare, a kwaruruwan kuma a sa wata 'yar na'ura mai fitar da ruwa ta riƙe tururi. Mu kira ta tarkon ruwa.

Idan ambaliya ta lulluɓe bututun, ruwan cikinsa yakan taru da sauri fiye da yadda tarko zai iya fitarwa. Sai wani ƙunshin tururi ya maƙale a tsakiyar ruwan da ya fi shi sanyi. Nan take ya koma ruwa, ya bar gurbi fanko, domin a irin wannan matsi tururi ya fi ruwan da ya haife shi cin wuri fiye da sau 150. Ruwan da ke gefe biyu sai ya rugo ya cike gurbin, ya yi karo da ƙarfin da zai iya tsaga ƙarfe. Injiniyoyi na kiran wannan gudumar ruwa.

Abin da ya faru ke nan ranar 18 ga Yuli, 2007, a mahaɗar titi na 41 da titin Lexington, kusa da tashar Grand Central. An yi ruwan sama mai ƙarfi da safiyar ranar. Wajen ƙarfe 6 na yamma, daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida, wani bututu da aka binne a 1924 ya fashe. Tururi da taɓo da duwatsu suka tashi sama tsayin benaye masu yawa, aka sami rami mai faɗin kusan mita 10 a tsakiyar titi, wata motar janwe ta faɗa ciki. Mace ɗaya ta rasu sakamakon bugun zuciya tana ƙoƙarin tserewa, mutane da dama suka ji rauni, wasu da mummunar ƙuna.

Masu bincike sun gano cewa ruwa ya taru ya kewaye bututun, sannan tarkunan da ya kamata su fitar da ruwan cikinsa sun toshe. Abin da ya toshe su kuwa wani danƙo ne da aka riƙa ɗurawa don liƙe yoyo a wani mahaɗi da ke kusa. Gyaran wucin gadi a wuri ɗaya ya kashe ƙaramar na'urar da ke kāre layin.

Ba shi ne na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. A watan Agustan 1989 bututu ya fashe a unguwar Gramercy Park, mutum uku suka rasu. A watan Yulin 2018 wani da aka binne a 1932 ya fashe a unguwar Flatiron, aka kwashe mutane daga gine-gine da dama. A duka ukun an sha fama da asbestos, wani farin abu mai zare-zare da mutanen da suka naɗe bututun da shi don riƙe zafi. Daga baya aka gano shaƙar ƙurarsa na jawo cutar huhu da sankara.

Yadda ake kula da su yau

Tone kilomita 169 na titunan birni mai cunkoso a sauya komai lokaci ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba. Don haka ake bin abin sashe-sashe. Bayan hatsarin 1989 an shafe shekaru ana sauya tsofaffin mahaɗai da turaku da kayan ƙarfen zubi, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya. Bayan na 2007 kuma aka sanya na'urori a ramukan da ma'aikata ke shiga, suna auna yawan ruwa da zafin tarkuna, suna aika saƙo ofis nan take. Idan aka yi ruwan sama mai yawa, ma'aikata na zagaya wuraren da aka san ruwa na taruwa. A shekarar 2012, da guguwar Sandy ta tunkaro birnin, kamfanin ya rufe wasu layukan tururi a unguwannin da ke kwari tun kafin ambaliya ta iso. Mutane sun rasa ɗumi na kwanaki, amma rigakafi ya fi magani.

Sake kunna layin da ya huce ma yana da ƙa'ida. Ba a buɗe babban bawul gaba ɗaya. Ana fara tsiyaye ruwan da ke ciki, sannan a saki tururi kaɗan-kaɗan ta wani ƙaramin bututu, a bar ƙarfen ya ɗumama a hankali na tsawon sa'o'i. Idan aka yi gaggawa, saman bututun zai riga ƙasansa zafi, saman ya fi miƙewa, bututun ya gantsare kamar ayaba. A wannan aiki, sannu ba ta hana zuwa.

Ina ruwanmu?

Garuruwanmu ba sa buƙatar tururin ɗumama ɗaki. Amma duk inda ake aiki da tururi, dokar ɗaya ce: tashar lantarki ta Egbin da ke jihar Legas da tururi take juya injinanta, haka matatun mai, da kamfanonin sukari, da masaƙu, da manyan asibitoci. Wasunku ne za su riƙe waɗannan wurare nan gaba, a matsayin injiniyoyi ko masu walda ko masu duba lafiyar injina. Abin da labarin Niyok ya nuna shi ne, kafa bututu aiki ne na 'yan watanni, kula da turkensa da mahaɗinsa da tarkonsa kuwa aiki ne na shekara da shekaru, kuma wanda ya san dalilin da ya sa aka bar tazara ba zai zo ya cike ta da siminti ba.

Ku gwada da kanku

Idan murfin ƙarfe na kwalba ya ƙi buɗuwa, ku zuba masa ruwan ɗumi na ɗan lokaci sannan ku murɗa. Ƙarfe ya fi gilashi saurin ɗaukar zafi da miƙewa, don haka murfin zai saki. Ku yi amfani da ruwan ɗumi kawai, kada ku kusanci tururin tafasasshen ruwa, domin ƙunarsa ta fi ta ruwan kansa muni.

Ga kuma tambayar wannan mako. An kafa turke biyu, tazarar da ke tsakaninsu mita 60. An shimfiɗa bututun ƙarfe yana digiri 25, tururi zai kai shi digiri 175. Mahaɗin da ke sito yana iya shanye miƙewar santimita 10 kacal. Shin wannan mahaɗi ya isa? Idan bai isa ba, wace shawara za ku ba shugaban aikin? Ku lissafa, ku nuna wa malaminku na kimiyya, za mu kawo amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.